Yadda Ake Zaɓen Maganin Feshin Kuɗin Cizo da Zai Yi Aiki

Mai fama da kuɗin cizo yawanci ya riga ya yi feshi kafin ya fara neman shawara. Ya sayi gwangwani, ya fesa, ya ga wasu sun mutu a gabansa, ya samu barcin 'yan kwanaki, sai cizo ya dawo kamar ba a yi komai ba. Daga nan sai ya ƙara yawan maganin, ko ya nemi wanda ya fi wari, ko ya gauraya iri biyu a kwalba ɗaya. A wannan gaɓar ce ake asarar dukiya, wani lokaci har da lafiya.

Gaban gwangwani talla ce, bayansa ne ke ɗauke da bayani. Sunan kamfani da hoton ƙwaro a kwance ƙafafu sama da ƙarfin wari ba su gaya maka ko maganin zai gama da ƙwarin da ke ɗakinka ba. Abin da zai gaya maka shi ne sinadarin da ke ciki, da siffar da aka haɗa shi, da wuraren da takardarsa ta yarda a fesa. Duk ukun a rubuce suke da ƙananan haruffa, kuma minti biyar sun isa a karanta su kafin a biya.

Mataki na 1: Ka gan shi da idonka tukuna

Cizo kaɗai ba shaida ba ne. Sauro da ƙuma da wasu cututtukan fata duk suna barin ƙuraje masu ƙaiƙayi, sannan akwai mutanen da kuɗin cizo zai sha jininsu fatarsu ba ta nuna komai ba. Ka ɗauki tocila da tsohon katin roba, ka bi ɗinkin gefen katifa, ka ɗaga ta, ka duba mahaɗar katakon gado da ramukan ƙusoshi da bayan allon kan gado. Duk tsagar da katin ya shiga, ƙwaron ma zai shiga.

Babban kuɗin cizo bai wuce milimita 5 zuwa 7 ba, fale-fale ne, launinsa ja-ja mai duhu, ba shi da fiffiken tashi. Za ka kuma ga ɗigo-ɗigon baƙin kashinsa, da saɓar da ƙanana suka tuɓe, da fararen ƙwai masu tsawon milimita ɗaya manne a cikin tsaga.

Halayensa ne za su jagoranci zaɓinka, saboda haka a riƙe su. Macen tana saka ƙwai ɗaya zuwa biyar a rana. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, kuma mafi yawan magungunan feshi ba sa kashe shi sosai. Ɗan da ya fito yana tuɓe saɓa sau biyar kafin ya balaga, kowane karo sai ya sha jini, a wuri mai ɗumi kuwa tafiyar duka ba ta fi mako biyar ba. Yana fitowa ya sha jini na 'yan mintuna ya koma maɓoya, yana kuma iya yin watanni bai ci ba. Ke nan waɗanda ka gani a fili ka fesa musu 'yan kaɗan ne cikin jama'ar. Kana bukatar maganin da zai zauna a kan hanyarsu yana jiran waɗanda ke ɓoye da waɗanda ba a ƙyanƙyashe ba tukuna.

Mataki na 2: Nemi sunan sinadarin da ke kisa

A jikin kowane magani na gaskiya akwai wurin da aka rubuta sinadarin da ke aiki da adadinsa, ko cikin kashi ɗari ko giram nawa a lita. A nan ne zaɓi yake, kuma a nan ya kamata a daɗe.

Mafi yawan gwangwanayen feshin gida na ɗauke da dangin pyrethroid. Gane su ba wuya, don yawancin sunayensu suna ƙarewa da "thrin": permethrin, deltamethrin, cypermethrin, lambda-cyhalothrin, bifenthrin, d-phenothrin, tetramethrin. An ƙera su ne bisa kwaikwayon pyrethrin, wani sinadari da ake samu a jikin wata fure. Suna kama jijiyoyin ƙwaro su kayar da shi da sauri, haɗarinsu ga mutum kuma da sauƙi idan an bi ƙa'ida, shi ya sa suka cika kasuwa. Matsalar ita ce kuɗin cizo a sassa da dama na duniya ya daina jin su.

Tushen wannan taurin kai ya daɗe. A shekarun 1940 wani maganin ƙwari mai suna DDT ya kusa share kuɗin cizo daga ƙasashe da yawa, amma tun kafin ƙarshen waɗannan shekarun aka ga waɗanda suka bijire masa a tsibirin Hawai. DDT da pyrethroid kuwa wuri ɗaya suke kamawa a jijiyar ƙwaro, saboda haka canjin halittar da ya kare shi daga na farko yana taimaka masa a kan na biyu. Da ƙwaron ya sake bazuwa a duniya daga ƙarshen shekarun 1990, sai ya dawo da shirinsa. A 2007 masu bincike a Jami'ar Kentaki ta Amurka sun gwada ƙwarin da aka tattaro daga gidajen mutane, suka tarar wasu suna jure deltamethrin da lambda-cyhalothrin ninki dubbai fiye da ƙwarin da ba su taɓa haɗuwa da magani ba. Bayan canjin da ke jijiya, an gano cewa masu juriya suna da fata mai kauri da ke rage shigar magani, jikinsu kuma yana narkar da gubar kafin ta yi aiki.

Ga abin da wannan ke nufi a wurin saye. Idan ka fesa wani magani mai "thrin" bisa ƙa'ida bai yi ba, to sauya kamfani ba zai canza komai ba matuƙar sabon ma mai "thrin" ne shi kaɗai. Mutane da yawa sun zagaya gwangwani huɗu ko biyar suna ganin sun gwada magunguna daban-daban, alhali dangi ɗaya suke ta maimaitawa. Dangi ake sauyawa. Wasu takardun ma suna buga lambar rukunin sinadarin: pyrethroid 3A, neonicotinoid 4A, chlorfenapyr 13, carbamate 1A, organophosphate 1B. Lambobi biyu in sun zo ɗaya, aikinsu ɗaya ne.

Dangin neonicotinoid, wato imidacloprid da acetamiprid da thiamethoxam da clothianidin da dinotefuran, su ma jijiya suke kamawa amma ta wata ƙofa daban. Shi ya sa da yawa daga magungunan da ƙwararru ke amfani da su yau haɗi ne na dangi biyu da kamfani ya yi tun daga masana'anta, misali beta-cyfluthrin da imidacloprid, ko bifenthrin da acetamiprid. A ganina, ga wanda zai yi feshi da kansa, irin wannan haɗin ne ya fi dacewa ya fara nema, in dai takardarsa ta ambaci kuɗin cizo da cikin gida. Sai dai kar a ɗauke shi a matsayin sha-yanzu-magani-yanzu, domin a 2016 an buga binciken da ya nuna wasu ƙwarin a Amurka sun fara jure wannan dangin ma.

Za ka iya ganin piperonyl butoxide a jere da pyrethroid. Shi ba ya kisa da kansa, aikinsa ya hana jikin ƙwaron narkar da gubar. Yana ƙara ƙarfi, amma ba ya rushe kowace irin juriya.

Chlorfenapyr hanyarsa daban ce gaba ɗaya. Sai ya shiga jikin ƙwaron sannan yake rikiɗewa ya zama guba, ya hana ƙwayoyin jikinsa samar da ƙarfi. Ba ya korar ƙwaro daga wurin da aka fesa, saboda haka suna ci gaba da zama a kansa. Aibinsa jinkiri, yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci fiye da mako. Wanda bai san haka ba zai ce jabu ne ya zubar. A ƙasashe da yawa kuma ƙwararru kaɗai ake sayar wa.

Sai hodar busarwa, wadda nake ganin an fi raina ta alhali tana cikin mafi amfani. Iri biyu ne aka fi sani, silica gel da diatomaceous earth. Ba guba ce mai kama jijiya ba. Fatar kuɗin cizo tana da wani siririn maiƙo da ke riƙe masa ruwan jiki, hodar tana tsotse ko goge wannan maiƙon, sai ƙwaron ya bushe ya mutu. Juriyar jijiya ba ta kare shi daga wannan, kuma muddin hodar tana bushe tana iya yin watanni tana aiki a cikin tsaga. A gwaje-gwaje silica gel ya fi ɗayar sauri da ƙarfi, ita diatomaceous earth tana rauni a wuri mai laima. A sayi wadda aka yi wa rajista don kashe ƙwari kaɗai. Irin diatomaceous earth da ake tace ruwan wurin ninƙaya da ita tana lahanta huhu.

Masu hana girma, irin su hydroprene da pyriproxyfen, mataimaka ne, ba sa gama aiki su kaɗai. Dangin carbamate kamar bendiocarb da propoxur suna kashe kuɗin cizo, amma gubarsu ga mutum ta fi ta pyrethroid, har Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ƙi amincewa da buƙatar jihar Ohayo ta amfani da propoxur a gidaje a 2010 saboda haɗarinsa ga yara. Waɗannan a bar wa mai lasisi, a inda doka ta yarda.

Mataki na 3: Dubi siffar maganin da abin da za a fesa a kansa

Sinadari ɗaya yana iya yin aiki a wannan ɗakin ya gaza a wancan saboda siffar da aka haɗa shi. Gwangwanin iska mai matsi yana kashe wanda ya taɓa kai tsaye, amma da yawansu da sun bushe ƙarfinsu ya ragu ƙwarai. In za ka saya, nemi mai siririn bututu da ake cusawa a tsaga, ba mai watsa hazo a sararin ɗaki ba. Na sararin ɗaki don sauro da ƙuda aka yi shi.

Waɗanda ake tsarmawa da ruwa suna da haruffa biyu a bayan sunansu, kuma haruffan suna da ma'ana. EC mai ne da ke zama fari kamar madara in an zuba a ruwa. Katako marar fenti da siminti da bangon ƙasa da yadi suna shanye shi, ya nutse ciki ya bar saman babu abin da ƙwaro zai taka, ga shi da wari, yana kuma iya ɓata roba da fenti. SC da WP ƙananan ƙwayoyi ne da ke iyo a ruwa, ruwan ya shige ko ya bushe, su kuma su zauna a sama. WP yakan bar farin tabo. CS kuwa an kulle sinadarin a cikin 'yan mitsi-mitsin kwanso da ke manne wa ƙafar ƙwaro suna sakin magani a hankali, shi ya sa yake daɗewa. Tunda maɓoyar kuɗin cizo yawanci katako ce da yadi da tsagar bango, SC ko CS sun fi EC dacewa.

Wanda ba shi da famfon feshi, ko bai saba awo ba, gara ya sayi wanda aka riga aka tsarma a kwalba mai maƙunshi. Ya fi tsada a lita, amma yana kawar da kuskuren da ya fi kowanne yawa, wato zuba magani da ka.

A taƙaice kayan aikin da suka isa ɗaki ɗaya su ne maganin ruwa mai daɗewa na tsagogi da gindin bango, hodar busarwa ta wuraren da ruwa bai kamata ya shiga ba, da kuma, in an samu, gwangwani mai bututu wanda aka yarda a yi amfani da shi a ɗinkin katifa.

Mataki na 4: Karanta sauran takardar, ka tuna da mutanen gidan

Kafin ka biya, ka tabbatar sunan kuɗin cizo yana cikin jerin ƙwarin da maganin ke kashewa, ko da harshen da aka rubuta takardar ko da sunansa na kimiyya, Cimex. Ka tabbatar an rubuta cewa na cikin gida ne. Ka nemi lambar rajista ta hukumar da ke kula da magungunan ƙwari a ƙasarka, da ranar da aka yi shi da ranar lalacewarsa, da hatimin murfi a rufe. Kwalbar da ba ta da takarda, ko wadda aka ɗura daga wata babba, ba ka san abin da ke ciki ba, likita ma ba zai sani ba in wani ya sha.

Katifa tana da hukuncinta daban. Magani yana iya halatta a gindin bango ya haramta a katifa, wani kuma an yarda a ɗinki da lanƙwasa kawai ban da shimfiɗar da ake kwanciya. In takardar ba ta ambaci katifa ba, amsar a'a ce. Zanin gado da rigar filo da tufafi da kayan wasan yara ba a fesa musu komai.

A ƙasashe da yawa akwai zanen launi a ƙasan takardar, bisa rabe-raben haɗari na Hukumar Lafiya ta Duniya: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Mai ja ba shi da hurumi a ɗakin kwana.

Sannan ka ƙirga waɗanda ke gidan. In akwai jariri, mai juna biyu, mai asma ko tsoho marar lafiya, a jingina ga zafi da wanki da rigar katifa, a taƙaita feshi ga tsagogin da hannu ba ya kaiwa. Permethrin yana kashe kyanwa, pyrethroid gaba ɗaya kuma guba ne ga kifi.

Mataki na 5: Abubuwan da za ka wuce ka bar su

Gwangwanin da ake danna wa kai a gudu a bar shi ya cika ɗaki da hazo yana da farin jini saboda sauƙinsa. A 2012 an gwada irinsa a Jami'ar Jihar Ohayo, aka ga kusan bai taɓa ƙwarin da aka samo daga gidaje ba, balle waɗanda ke ƙarƙashin ɗan yadi. Hazon a saman kaya yake sauka, ba ya shiga tsaga, yana iya tarwatsa ƙwarin zuwa wasu ɗakuna, iskar da ke tura shi kuma tana kama wuta.

Maganin gona ba na ɗaki ba ne, ko da sunan sinadarin ya zo ɗaya da na gida. Ƙarfinsa da man da aka narkar da shi a ciki an tsara su ne don fili mai iska. Dichlorvos, wanda ake kuma rubutawa DDVP, a ruwa mai kauri yana cikin rukunin masu haɗari ƙwarai, tururinsa ake shaƙa, fata ma tana tsotsarsa. Faransa ta hana amfani da shi a gidaje tun 2013, duk da haka hukumomin lafiyarta suna ta gargaɗi kan mutanen da suka sha guba bayan sun saye shi ta bayan fage don kuɗin cizo.

Mafi muni ita ce ƙwayar aluminium phosphide da ake turara hatsi da ita a ma'aji. Da ta haɗu da laimar iska sai ta saki iskar phosphine, wadda ba ta da makari, tana kuma ratsa tsagogi ta shiga ɗakin maƙwabci. A 2015 yara biyu 'yan gida ɗaya sun rasu a lardin Albata na Kanada bayan an sa ta don kuɗin cizo. A 2021 wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu a Landan sakamakon wadda aka sa a gidan da ke ƙasan nasu. Kuɗin cizo yana hana barci, yana sa ƙaiƙayi da damuwa, amma ba a san shi da yaɗa cuta ga mutane ba. Kar garin neman gira a rasa ido.

Kananzir da fetur da ruwan giyar asibiti, wato wanda ake goge fata da shi kafin allura, sai sun jiƙa ƙwaron suke kashe shi, ba sa barin komai a baya sai haɗarin gobara a kan katifa.

Har magungunan da aka yarda da su suna cutarwa in an wuce ƙa'ida. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta tattara rahoton mutum 111 da suka yi rashin lafiya sanadin maganin kuɗin cizo a jihohi bakwai tsakanin 2003 da 2010, ɗaya ta rasu. Cikin manyan dalilan akwai fesawa fiye da kima da rashin canza shimfiɗar da magani ya taɓa.

Magungunan man itatuwa kuwa sun bambanta sosai. A wani gwaji da aka buga daga Jami'ar Rutgers a 2014, cikin iri 11 da ba na sinadaran masana'anta ba, biyu ne kawai suka kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙananan ƙwarin. Kalmar "na gargajiya" ko "daga tsirrai" a gaban kwalba ba ta isa hujja ba, a nemi rajista da sunan kuɗin cizo kamar kowane magani.

Mataki na 6: Gwada shi a kan ƙwarin ɗakinka

Juriya ta bambanta daga gida zuwa gida, saboda haka ƙwarinka ne za su ba ka amsar ƙarshe. Ka kamo masu rai kamar ashirin ba tare da ka matse su ba. Ka fesa maganin a kan guntun katako ko kwali daidai yadda takarda ta ce, ka bar shi ya bushe sarai. Ka ɗora rabin ƙwarin a kai ka kife da kofin gilashi, sauran rabin a kan wani guntun da ba a fesa ba. Ka ajiye inda yaro ba zai kai ba, ka duba bayan kwana ɗaya da bayan kwana uku.

Busasshen magani ake gwadawa domin shi ne ƙwaron zai taka da dare. In na kan maganin sun mutu na ɗaya gefen suna raye, ka dace. In duka suna yawo bayan kwana uku kuma maganin mai kama jijiya ne, sauya dangi tun kafin ka jiƙa ɗaki da shi. Chlorfenapyr da hodar busarwa a ba su mako ɗaya zuwa biyu kafin a yanke musu hukunci.

Mataki na 7: Shirya ɗakin

Rabin nasara a nan take. A zuba zannuwa da labule da tufafi a leda a ɗaure tun a cikin ɗakin, don kar a zubar da ƙwarin a hanya. Wanki da ruwa mai zafin digiri 60 a ma'aunin Salshiyas yana kashe manya da ƙanana da ƙwai. Injin busar da kaya a kan zafi mai ƙarfi na minti 30 ma yana yi, haka guga mai zafi a kan ɗinki. Abin da ba ya son zafi a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na kwana huɗu. Shanya a rana tana taimakawa, amma ba a dogara da ita ga katifa ko ƙunshi mai kauri, domin sai tsakiyar kayan ya kai wajen digiri 50 ya kuma daɗe a haka, su kuwa ƙwarin suna gudu zuwa gefen inuwa. Kayan da aka tsaftace su zauna a sabuwar leda a ɗaure.

A kwance gado gunduwa-gunduwa, a fitar da durowa a kife, a janye kaya daga jikin bango. A goge ɗinki da tsagogi da buroshi mai tauri don ɓamɓare ƙwai, a zuƙe da injin zuƙar ƙura in akwai, a ƙulle abin da ya tara a leda a fitar waje nan take. Mai injin tururi ya yi amfani da shi kafin feshi, in an yi bayansa zai lalata maganin. Kada a kwashe kaya daga wannan ɗakin zuwa wani ba tare da an tsaftace su ba.

Mataki na 8: Feshin kansa

A fitar da yara da dabbobi, a rufe abinci da ruwan sha, a kashe fanka da duk wata wuta mai ci. Mai feshi ya sa safar hannu ta roba da takunkumi da tabarau da riga mai dogon hannu. A auna da sirinji ko murfin awo. In takarda ta ce mililita 10 a kowace lita, tankinka kuma lita 5 ne, mililita 50 ke nan, ba ƙari. Ninka magani ba ya karya juriyar ƙwaro, mutanen gida kawai yake ƙara wa guba. Kada a gauraya magunguna biyu da hannu, kuma a haɗa iya wanda za a ƙarar a ranar.

Da matsi kaɗan ake fesawa, bakin famfo kusa da tsaga, wurin ya yi damshi ba tare da ya ɗiga ba. A fara da gado: mahaɗar katako, ramukan ƙusa, ƙarƙashin sanduna, bayan allon kai. Sai kayan da ke kusa da shi, ƙarƙashin kujeru da ɗinkinsu, cikin ramin durowa, gindin bango, gefen kafet, bayan hotuna da firam ɗin ƙofa. Tsakiyar ɗaki da sararin bango ba sa bukata. Soket da makunnin lantarki ba a fesa musu ruwa, a kashe wutar a sa hoda. Hodar kuma da ɗan buroshi ake shafa ta siriri yadda da ƙyar ido zai gan ta, in ta yi tudu ƙwaron kewaye ta yake yi, mutane kuma su shaƙa.

Ba a shiga sai komai ya bushe, an buɗe tagogi iska ta ratsa, lokacin da takarda ta yanka kuma ya cika. Kada a goge wuraren da aka fesa da ruwa. Mai feshi ya yi wanka, ya wanke kayansa daban. In wani ya fara amai, jiri, dalalar miyau, gumi ko wahalar numfashi, a fitar da shi iska, a cire masa kayan da magani ya taɓa, a wanke fatar, a kai shi asibiti da kwalbar a hannu. Kada a sa shi amai da gangan.

Mataki na 9: Zagaye na biyu da sa ido

Feshi ɗaya da wuya ya isa. A maimaita bayan kwana 10 zuwa 14, ko tazarar da takarda ta faɗa, lokacin ƙwan da suka tsira sun ƙyanƙyashe amma 'ya'yan ba su kai saka nasu ba. Sau da yawa sai an yi na uku.

Akwai abin da ke da wuyar karɓa amma dole ne: a ci gaba da kwana a ɗakin. Numfashi da ɗumin jikin mai barci ne ke fito da su su taka magani. In an ƙaura, ko su lafe su yi ta jira, ko su bi mutum zuwa sabon ɗakin. Don rage cizo, a janye gado daga bango, kar zani ko gidan sauro ya taɓa ƙasa, a sa katifa cikin riga mai zif da aka yi don kuɗin cizo a bar ta a rufe aƙalla shekara ɗaya. A ƙarƙashin kowace ƙafar gado a sa tarkon kwano, mai kaushi a waje yadda za su iya hawa, mai santsi a ciki yadda ba za su fita ba. Ƙirga abin da ya faɗa ciki kowane mako shi ne ma'auninka, ya fi ƙirga ƙuraje gaskiya. Bayan zagaye na ƙarshe a toshe tsagogin bango da na katako, tunda sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In adadin yana raguwa, a ci gaba har a yi mako shida zuwa takwas ba a ga ko ɗaya ba. In bayan zagaye biyu na ƙa'ida bai ragu ba, ko dai akwai maɓoyar da ba a gano ba, ko maganin ba ya cin su, ko kuma daga ɗakin da ke manne da naka suke shigowa. Na ƙarshen yana bukatar a yi magana da maƙwabta da mai gida a yi aikin lokaci ɗaya, ba tare da jin kunya ba, domin jini kuɗin cizo yake bi, yana shiga gida mai tsafta kamar yadda yake shiga kowanne.

Idan ya kai ga kiran ƙwararre, ka nemi ganin lasisinsa da kwalbar da zai yi amfani da ita da takardarta a jiki. Ka tambaye shi sunan sinadarin, da ko ya bambanta da dangin da ka riga ka fesa, da ranar da zai dawo zagaye na biyu. Wanda ya ƙi faɗin abin da ke cikin tankinsa, ko ya ce a rufe gida a bar masa ƙwaya ta turara, kada ka bar shi ya fara.